Yadda ake fitar da iska daga birkin mota: jagora ga direbobi da masu motoci a Legas

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin direbobinmu, daga Agege har Mile 12 da Alaba Rago: "Birkin yana ci, sai dai sai ka buga sau biyu." Mai faɗa yana faɗa ne hankali kwance, ya ɗauka halin motar ne da za a iya zama da shi. Ni kuwa duk sanda na ji ta sai gabana ya faɗi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan ɗaga ƙafa da sake takawa ya ɗauke ka daƙiƙa ɗaya tak, ka riga ka shafe tsawon ƙananan motoci uku zuwa huɗu. A titin Ikorodu, inda danfo zai tsaya a gabanka ba sigina don ya hango fasinja, wa zai bar maka wannan filin?

Fedar da ta yi laushi, take nutsewa ƙasa kafin motar ta fara tsayawa, sannan ta yi tauri idan an bubbuga ta, galibi iska ce ta shiga layin man birki. Fitar da ita, wato abin da kanikawa ke kira bilidin, aiki ne da mutum biyu masu natsuwa za su gama cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ko da ba da hannunka za ka yi ba, ya kamata ka san yadda ake yi, don ka tsaya a kan motarka a gareji ka gane ko an yi daidai.

Abin da iska ke yi a ciki

Birkin ƙananan motoci da ƙananan bas-bas da a-kori-kura da mai yake aiki. Ka taka feda, sabo ya ƙara wa ƙafarka ƙarfi, ya tura fistin ɗin masta. Sabo shi ne baƙin abin nan mai faɗi da ke jikin bangon injin ta gefen direba, masta kuma na manne a gabansa, da ɗan tankin mai a samansa. Daga masta mai ke bi ta fayif ɗin ƙarfe, ya shiga tiyon roba, ya isa tayoyi: a gaba kalifa ce, wato ƙarfen da ke matse fad ɗin birki a jikin dis, faifan da ke juyawa tare da taya, a baya kuma kalifa ko 'yar silindar da ke cikin diram. Sirrin abin ɗaya ne: mai ba ya matsuwa. Ka ɗauki sirinji ka cika da ruwa, ka toshe bakin da yatsa ka danna, ba zai motsa ba. Ka cika shi da iska ka danna, zai tafi har rabi. Haka fedarka take yi idan kumfar iska ta maƙale a layi: ƙarfin ƙafarka yana ƙarewa wajen matse kumfar, kaɗan ne ke isa taya.

Trela da tanka da manyan tifofi kuwa da iska birkinsu ke aiki tun asali, nasu tsarin daban ne, wannan bayani bai shafe su ba.

Abin da nake so kowa ya riƙe kafin ya taɓa sifana shi ne, iska ba ta shiga birki haka nan. Ko dai an kwance wani abu, kamar kalifa ko tiyo ko masta, ko an bar mai ya ƙare a tanki har masta ya zuƙi iska, ko akwai inda ke yoyo, ko kuma man ne ya tafasa. Idan yoyo ne ka fitar da iska ba ka toshe shi ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba, cikin kwanaki kaɗan fedar za ta koma gidan jiya. Saboda haka ka fara leƙawa: bayan kowace taya ta ciki, ko akwai danshin mai a jikin kalifa ko a ƙasan diram, tiyon roba, ko ya tsattsage ko ya kumbura, fayif ɗin ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota, ko tsatsa ta cinye shi. Wannan na ƙarshen ya fi yawa a motocin tokumbo da suka fito daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sannan suka zo suka haɗu da ruwan ambaliyar daminar Legas. Ka duba kuma inda masta ya haɗu da sabo. Idan fentin wurin ya ɓare ko ya jiƙe, masta ne ke zuba ta baya.

Ka kuma bambance ciwon. Fedar da ke da tauri da farko amma idan ka riƙe ta sai ta riƙa sulalewa ƙasa a hankali, kuma ba ka ga yoyo a waje ba, robobin cikin masta ne suka mutu, bilidin ba zai warkar da ita ba. Fedar da ta yi tauri ƙwarai har sai ka miƙe tsaye a kanta, wannan matsalar sabo ce ko tiyonsa. Fedar da ke tafiya ƙasa sosai amma idan ta kama ta kama da ƙarfi, a motar da ke da diram a baya, sau da yawa shu ne, wato takalmin birkin da ke goga cikin diram, ya yi nisa da shi, saiti yake so.

Maganar mai, wadda ita ce babba a garin nan

Man birki na yau da kullum, DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1, yana shan danshi daga iska. Halittarsa ke nan. Yana sha ta murfin tanki, yana sha ta jikin tiyon roba, a hankali a hankali. A Kano ko Sakkwato, inda ake watanni iska a bushe, abin yana tafiya sannu. A Legas da ke bakin teku, danshi bai taɓa barin gari ba. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, zai iya tafasa tun a digiri 140. DOT 4 daga 230 yake saukowa 155, DOT 5.1 daga 260 zuwa 180. Idan mai ya tafasa a cikin kalifa, tururi ne ke samuwa, tururi kuwa yana matsuwa daidai da iska. Nan ne za ka ji direba na rantsuwa cewa birkinsa lafiya lau ya baro gida, kawai ya taka ya ji ya shanye, bayan motar ta huce kuma ya dawo. Wanda zai ɗauko kaya da iyali ya nufi Arewa da Sallah, ya bi tsaunukan Okene ko ya gangaro Hawan Kibo ƙafarsa a kan birki, shi ya fi kowa buƙatar jin wannan.

Shi ya sa a ganina, duk wanda ya tashi fitar da iska a Legas, ya canza man gaba ɗaya kawai. Aikin ɗaya ne, bambancin kuɗin kwalba ɗaya ne ko biyu. Kamfanonin motoci da yawa suna cewa a canza duk shekara biyu, kuma a nan bai kamata a wuce haka ba.

Irin man da motarka ke sha yana rubuce a kan murfin tankin. Za ka iya zuba DOT 4 a inda aka ce DOT 3, amma kada ka sauko daga 4 zuwa 3. DOT 5 zalla, wanda ba 5.1 ba, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma ba a sa shi a motoci masu ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Ka sayi mai a rufe da hatiminsa, a shagon da ka yarda da shi, ko a Ladipo ne ko a unguwa. Wanda aka ɗura a robar ruwa, ko ragowar kwalbar da ta yi watanni a buɗe a but, ya riga ya sha danshi. Man inji da man giya da man sitiyari kuwa ko ɗigo kada ya shiga, domin yana kumbura duk robobin birki, sai an canza su kaf. Ruwan sabulu da wasu ke ɗurawa idan mai ya ƙare musu a hanya, wannan ganganci ne da rayukan mutane: yana tafasa da wuri, yana sa fistin tsatsa.

Kayan aiki da shiri

Ka tanadi mai lita ɗaya, ƙaramar mota ba ta cika cinye shi duka ba. Sifana mai zobe daidai da nifil, wato ɗan notin fitar da iska da ke jikin kowace kalifa da bayan kowane diram. Galibi lamba 8 ne ko 10, wasu motocin 7 ko 9 ko 11. Tiyo siriri wanda ake hango abin da ke cikinsa, tsawon kamar rabin mita, wanda zai kama kan nifil tsam. Robar ruwa wankakkiya busasshiya. Sirinji babba. Jak, ƙarafan tokare mota, waigi na tare taya, tsumma, burushin waya, man kwance tsatsa irin WD-40, da bokitin ruwa. Sai mutum na biyu wanda zai zauna a kujerar direba, mai jin magana, ba wanda zai riƙa amsa waya ba.

Ka ajiye motar a wuri mai daidai, mai tauri, ka kashe inji, ka sa waigi. Ka sassauta notocin taya tun motar na ƙasa, sannan ka ɗaga ka tokare da ƙarfe. Ina roƙonka kada ka sa kanka ko hannunka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ka tokare da bulon siminti, yana farfashewa ba sanarwa. Idan ba ka da abin ɗaga ƙafa huɗu lokaci guda, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan ka zo tayoyin baya, ka sauke birkin hannu bayan ka tabbatar da waigi a gaba. Idan diram ne a baya, a saita shu tukuna kafin a fara.

Tun kafin komai, ka zagaya ka gwada nifil huɗun nan ko za su kwance. Ka cire 'yar hular robar da ke kansu, ka goge da burushi, ka fesa man kwance tsatsa, ka ba shi minti goma zuwa sha biyar. Ka sa sifana mai zobe ta zauna sosai, ka ɗan bubbuga ta da tafin hannu maimakon ka ja da ƙarfi. Da ya motsa ka mayar ka rufe. Nifil rami ne da shi a ciki, ƙarfensa ba kauri, idan ka murɗe shi da ƙarfin tsiya zai karye a cikin kalifa, aikin awa ɗaya ya koma neman kalifa a kasuwa. Wanda ya ƙi, ka ƙara fesawa ka jira. Kada ka sa filaya ta cinye kansa, kada kuma ka kawo wuta kusa da tiyo da robobi.

Sai ka buɗe bonet, ka goge murfin tanki da kewayensa kafin ka buɗe, don kada ƙura ta faɗa. Ka zuƙe tsohon mai da sirinji, amma ka bar kaɗan a ƙasa ya rufe ramukan da ke shiga masta. Ka cika da sabo har layin MAX, ka ɗora murfin a kai ba tare da ka ɗaure ba. Man birki yana cin fenti cikin mintuna, in ya ɗiga a jikin mota ka kwara ruwa nan take, kada ka goge da busasshen tsumma. In ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa.

Wani ƙaramin abu da kanikawa da yawa ke tsallakewa: ka sa guntun katako mai kaurin kamar yatsu biyu a ƙarƙashin feda. A tsohuwar mota, fistin ɗin masta ya shekara yana kai-komo a ɗan taƙaitaccen wuri, can ciki kuwa datti da tsatsa sun taru. Idan aka buɗe nifil aka tura feda har ƙasa, robar fistin za ta bi ta kan wannan tsatsa ta yage. Daga nan ake samun motar da ta shigo gareji don bilidin ta fita da mataccen masta.

Ta wace taya za a fara

Ka'idar da aka sani ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta, a ƙare da mafi kusa. Motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, don haka masta na gaba ta hagu. Jerin sai ya zama: baya ta dama, baya ta hagu, gaba ta dama wato gefen mai zaman banza, sannan gaba ta gefen direba. Amma ba kowace mota ke bin wannan ba. Honda da yawa daga gaba ta hagu ake fara su, wasu motocin kuma a gicciye ake binsu saboda yadda aka raba layinsu. Idan kana da littafin motar ko za ka iya nemo shi a intanet, maganarsa ce gaba da ta kowa. Masu tsofaffin Hilux da Hiace su leƙa kusa da akasil ɗin baya: akwai wani bawul da ke rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin kaya, a wasu yana da nasa nifil, kuma shi ake yi a ƙarshe. Idan an ɗaga irin wannan mota tayoyin baya na reto, bawul ɗin yana rage gudun mai, gara a tokare ta a ƙarƙashin akasil.

Aikin kansa

Ka zuba sabon mai kaɗan a cikin robar, kamar yatsu biyu. Ka fara sa sifana a kan nifil, sannan ka cusa tiyo a kansa, ɗaya bakin ya nutse cikin man da ke roba. Idan tiyon ya ɗan yi sama daga nifil kafin ya gangaro, ya fi, domin kumfa za ta hau ta bar bakin. Inji a kashe. Kai da mutumin da ke kujerar direba ku yi yarjejeniya kan kalmomin da za ku yi amfani da su, da Hausa ne ko da buroka, kuma duk abin da ka faɗa ya maimaita maka bayan ya aikata. Gilashin ƙofa a sauke don ku ji juna.

"Buga." Ya taka feda a hankali sau uku ko huɗu, yana barin ta ta dawo sama kowane karo. Ba bugun sauri ba. Bugun sauri yana farfasa babbar kumfa ta koma ƙanana masu yawa, su kuwa sun fi wuyar fita.

"Riƙe." Ya danne ya ce, "Na riƙe, Oga."

Sai ka buɗe nifil kwata ɗin zagaye, kada ka wuce rabi. Mai zai taho cikin tiyo, fedar za ta sauka a ƙarƙashin ƙafarsa, shi kuma ya bi ta da dannawa har ta taɓa katako, ya ce, "Ta sauka." A nan ne duk aikin yake: ka rufe nifil tukuna, sannan ka ce, "Saki." Idan ya ɗaga ƙafa nifil na buɗe, masta zai zuƙo iska ta koma ciki, kun koma farko. Ya saki a hankali, ku jira daƙiƙa biyar zuwa goma masta ya sake cika, sannan ku maimaita.

Idonka na kan tiyo. Da farko za ka ga mai baƙi ko ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan dusar tsatsa. Sai kumfa ta fara zuwa, wata babba da za ta raba man gida biyu a cikin tiyo har ka ji tana tsartuwa, wata ƙanana jere da juna. Ka ci gaba har man ya fito garau, mai ɗan rawaya-rawaya irin na kwalba, ba kumfa ko ɗaya, sau biyu ko uku a jere. Tayar farko ta fi cin lokaci domin layinta ya fi tsawo, tana iya kai sau goma ko fiye. Tsakanin bugu, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kalifa da ƙotar sifana, kumfar da ta manne a lungu za ta saki ta hau.

Duk bayan buɗewa huɗu ko biyar, ka tashi ka je ka duba tanki. Kada ka yarda ya sauka ƙasa da layin MIN. Na san tashi da durƙusawa akwai gajiya, amma idan tankin ya ƙafe masta ya sha iska, duk abin da kuka yi ya rushe, kuma a mota mai ABS iskar na iya shiga inda ƙafa ba za ta fitar da ita ba. Man da ya fito cikin roba ba ya komawa tanki, ko da ya yi kyau a ido.

Idan taya ta gama, ka ɗaure nifil daidai. A yawancin motoci ƙarfin ɗaurinsa wajen Nm 10 ne, wato ɗaurin 'yar sifana da hannu ɗaya, ba na jijiyar wuya ba. Ka cire tiyo, ka wanke wurin da ruwa, ka mayar da hular roba. Hular nan ita ce ke hana ruwan titi shiga ramin nifil, ita za ta sa ya kwance maka lafiya bayan shekara biyu. Ka kula kada mai ya taɓa fad ko dis. Fad ɗin da ya sha mai sai canji. Sai taya ta gaba.

Idan ba ka da mataimaki

Za ka iya kai kaɗai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar nauyin mai ya yi aikin: ka cika tanki, ka buɗe nifil da tiyo a kai, ka bar shi yana ɗiga, kana ƙara mai a sama har ya fito garau. Tana cin lokaci, minti goma zuwa ashirin kowace taya, ta fi dacewa da canza mai fiye da korar iska mai yawa. Ko kuma ka ɗaga robar ta fi nifil tsayi, bakin tiyo a nutse cikin mai, ka buɗe nifil kaɗan, ka shiga ka taka a hankali ka saki a hankali. Abin da zai koma ciki mai ne, ba iska ba. Akwai famfon hannu mai zuƙa daga nifil, sai dai yakan jawo iska ta gefen zaren notin, ka yi ta ganin kumfar da ba daga cikin layi take ba. Wasu garejin suna da tulun da ake ɗaurawa a bakin tanki ya tura mai da matsin kamar bar 1. Wannan ta fi duka tsabta, kuma ba ta wahalar da masta.

ABS da motocin da ba a yi wa gaggawa

Yawancin motocin da ke titi yanzu suna da ABS. In dai tanki bai ƙafe ba kuma ba a kwance fayif a kusa da famfon ABS ba, yadda na bayyana ya wadatar. Amma idan an canza masta ko famfon kansa, iska na iya ɓuya a bayan bawul-bawul ɗin cikinsa, waɗanda ba sa buɗewa sai kwamfutar mota ta umarce su. Nan sai an jona na'urar sikana ta kunna famfon, sannan a sake bin tayoyin. Wasu kan ce a je kan yashi a take birki da ƙarfi har ABS ya kama aiki, a dawo a sake bilidin. Ban goyi bayan a hau titi da feda mai laushi don neman yashi ba.

Motoci masu haɗin batir da fetur, irin Prius da wasu Camry da Lexus, da kuma Land Cruiser da Prado masu famfon birki na lantarki, suna ajiye mai a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi ko da inji a kashe, kuma suna da nasu tsarin. Ka kai wa wanda ke da na'urar kuma ya saba da su.

Idan sabon masta za a ɗaura, a fitar masa da iska tun yana kan benci: a kama shi a bais, a sa gajerun tiyo daga ramukansa su koma cikin tankinsa, a cika mai, a riƙa tura fistin a hankali har kumfa ta ƙare. Wanda ya ɗaura shi a bushe zai wuni yana bugu. A wasu motoci masu giyar hannu, irin Golf, kuloci ma daga tankin nan yake shan mai, don haka in tankin ya taɓa ƙafewa, ka ji fedar kuloci ita ma.

An gama amma fedar ba ta yi tauri ba

Kafin ka zargi masta, ka dubi kalifa. Nifil dole ya kasance a sama, domin iska sama take hawa. Ana yawan samun wanda ya sayo kalifa biyu a kasuwa ya ɗaura ta dama a hagu, ta hagu a dama. Suna shiga daidai, notoci na kamawa, amma nifil ya koma ƙasa, kuma ko ganga guda ta mai aka tura iskar ba za ta fita ba. Bayan wannan, ka sa a danne feda da ƙarfi kana riƙe da kowane tiyon roba. Wanda ka ji yana kumbura a hannunka ya gaji, shi ke shanye ƙarfin. Ka duba fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai, ko tsatsa ta riƙe su. Idan sabon fad aka sa a kan tsohon dis mai kwari, fedar takan ɗan yi laushi har su zauna da juna. In duk waɗannan lafiya, ku sake zagaye ɗaya a natse. In ta ƙi, sai a koma ga masta ko ABS.

Gwaji

Ka mayar da tayoyi, ka sauke mota, ka ɗaure notoci a gicciye. Ka daidaita mai zuwa MAX, ka rufe murfi. Inji a kashe, ka taka sau huɗu ko biyar: fedar ta yi tauri, ta tsaya a sama. Ka danne ta na rabin minti, kada ta sulale. Kana danne da ita ka tayar da inji, za ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya, alamar sabo na aiki ke nan. Ka duba fitilar birki da ta ABS a dashbod sun mutu. Sannan wani ya danne kai kuma ka zagaya da tocila kana duba kowane nifil da kowace mahaɗa, ko akwai tsattsafo.

Gwajin farko a layin unguwa marar yara da 'yan talla, da gudun kilomita 10 zuwa 20, hannunka kusa da birkin hannu. Sai ka ƙara zuwa 40 ka taka da ɗan ƙarfi. Motar ta tsaya a miƙe, a taku ɗaya. In tana ja gefe, akwai ƙafar da ba ta ci daidai, kuma wannan shi ne abin da na'urar cibiyoyin gwajin motoci na jihar Legas ke kamawa idan ka je neman takardar lafiyar mota, domin suna auna ƙarfin kowace taya.

Tsohon man guba ne. Kada a zuba shi a kwata, kada a bar shi a robar ruwa inda yaro zai ɗauka ya sha. A rufe, a rubuta a jiki, a kai garejin da ke tara tsohon mai. Ka rubuta watan da shekarar da ka canza a ɗan takarda ka ajiye cikin takardun mota.

Washegari da safe, kafin ka tayar, ka leƙa ƙasa kusa da kowace taya, ka duba layin mai a tanki, ka taka feda sau ɗaya ka ji. Ka riƙa yin haka har mako. Idan tafiyar Arewa ce a gabanka, ka yi wannan aiki saura mako guda ko fiye, motar ta yi zirga-zirgar cikin gari tukuna, don in akwai mahaɗar da ke tsattsafo ta nuna kanta tun kana kusa da bakanikenka da kasuwar kayan gyara.